Yadda Ake Saita Jita da Naɗar Kiɗanta da Wayar Hannu a Gida

Mutum zai zauna a ɗakinsa yana kaɗa jita, kunnensa yana jin daɗin abin da ke fita, sai ya ɗauko waya ya danna maɓallin naɗar murya ya ɗauki minti biyu. Da ya kunna don ya saurara, sai ya ji wani abu daban: sautin ya dushe kamar daga cikin rijiya yake fitowa, fanka tana huci a baya, wani wuri kiɗan ya fashe, wani wuri kuma ya ɓace. A nan ne da yawa suke yanke hukuncin cewa wayar ce ba ta da kyau. Wasu su haƙura su jingine jitar a bango, wasu kuma su tara kuɗi su sayi makirfo mai tsada, su dawo gida su tarar matsalar tana nan inda suka bar ta.

Yawancin abin da ke ɓata sauti yana faruwa ne tun kafin a danna maɓallin naɗa. Sauti yana tasowa daga tsirkiya, ya bi ta jikin jita, ya ratsa iskar ɗaki, ya shiga makirfo, manhaja ta karɓe shi, sannan ya zama fayil. Duk inda ya lalace a wannan hanya, abin da ke gaba ba zai iya gyara shi ba. Shi ya sa wannan darasi zai bi matakan ɗaya bayan ɗaya, daga jitar kanta har zuwa tura fayil.

Rashin kayan aiki masu tsada bai taɓa hana kiɗan jita tafiya ba. Mdou Moctar, makaɗin nan na jihar Tahoua a Nijar, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma ta katin mimori da Bluetooth waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya. A 2011 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da tarin waƙoƙin da aka tsinto daga wayoyin mutanen yankin Sahara, ciki har da ta Mdou Moctar. A 2020 kuma kamfanin ya riƙa fitar da waƙoƙin da mawaƙan yankin suka naɗa da wayar hannu suka tura ta WhatsApp.

Mataki na 1: A fara da jitar kanta

Jitar da aka fi gani iri uku ce. Akwai ta katako mai tsirkiyar ƙarfe, akwai ta katako mai tsirkiyar roba, wato nailan, sai ta lantarki wadda ba ta da ƙara sosai sai an jona ta da na'ura. Kada a kuskura a sa wa jitar nailan tsirkiyar ƙarfe. Ba a ƙera ta don ta ɗauki wannan ja ba, wuyanta zai lanƙwashe ko kuma gadar da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai ta ɓalle daga jiki.

Abu na farko shi ne saita tsirkiyoyin guda shida. A saitin da aka fi amfani da shi, daga mai kauri zuwa siririya, ga sunayensu da yawan girgizarsu a daƙiƙa ɗaya:

- ta 6, E: 82 Hz
- ta 5, A: 110 Hz
- ta 4, D: 147 Hz
- ta 3, G: 196 Hz
- ta 2, B: 247 Hz
- ta 1, E: 330 Hz

Manhajoji irin su GuitarTuna da Fender Tune suna sauraren tsirkiya ta makirfon waya, su nuna ko ta yi sama ko ta yi ƙasa. Idan tsirkiya ta wuce inda ake so, a sassauta ta ta koma ƙasa, sannan a ja ta a hankali ta hau zuwa daidai. Wadda aka saita ta wannan hanya ta fi daɗewa ba ta zame ba. A riƙa sake dubawa kafin kowace naɗa, domin zafin hannu da na ɗaki suna sauya saiti cikin 'yan mintuna.

Abu na biyu shi ne tsufan tsirkiya. Gumi da ƙura suna cike ramukan tsirkiyoyi masu kauri, sai sautinsu ya mutu. Idan sun yi baƙi, ko sun fara tsatsa, ko yatsa yana jin kaushi idan ya bi ƙarƙashinsu, lokacin canji ya yi. Sababbin tsirkiyoyi sukan kawo bambancin da sabon makirfo ba zai kawo ba, kuma sun fi shi araha nesa ba kusa ba. Sai dai a sa su kwana ɗaya ko biyu kafin ranar naɗa, saboda sabuwar tsirkiya tana miƙewa, saitinta yana ta zamewa. Goge su da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa yana ƙara musu kwana.

Abu na uku shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, waɗanda ake kira firet. Idan tazarar ta yi yawa, yatsu za su yi ciwo kuma sautin zai riƙa kaucewa. Idan ta yi kaɗan, tsirkiya za ta riƙa dukan ƙarfe tana zizar da makirfo ba ya yafe wa. A firet na 12 ake aunawa. A jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, ana son wajen milimita 2.5 a mai kauri da wajen 2 a siririya. A ta lantarki, wajen 2 da 1.5. Ta nailan ta fi tsayi, wajen 4 da 3. Wanda ba shi da abin awo zai iya amfani da katin ATM, domin kaurinsa milimita 0.76 ne: guda biyu a haɗe sun kai wajen 1.5, guda uku kuma wajen 2.3.

A cikin wuyan yawancin jitoci masu tsirkiyar ƙarfe akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa don daidaita lanƙwasar wuyan. Wanda bai saba ba gara ya kai wa wanda ya iya. Idan ma za a taɓa, kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, kuma idan ta ƙi juyawa kada a tilasta mata, domin karyewarta na iya zama ƙarshen jitar.

Akwai gwaji mai sauƙi na ƙarshe. A saita tsirkiya daidai, sannan a danne ta a firet na 12 a kaɗa. Ya kamata manhaja ta nuna harafi ɗaya da na buɗaɗɗiyar tsirkiyar, allura tana tsakiya. Idan ta karkace sosai, jitar za ta yi daɗi a kusa da kai, ta riƙa ɓata idan hannu ya gangara zuwa jiki. A jitar lantarki ana gyara wannan da ƙananan sukurori da ke jikin gada. A ta katako, sau da yawa tsohuwar tsirkiya ko tazara mai yawa ce ke jawo shi.

Jita da hunturu

Katakon jita ya fi samun lafiya idan ɗanshin iska yana tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A lokacin hunturu iskar Arewa tana bushewa ƙasa da haka sosai. Katako yana tsukewa, bakin firet ya fito yana karce hannu, tsirkiya ta sauko tana ziza, wani lokaci fuskar jitar ta tsage. Maganin ba shi da tsada. A ajiye jita cikin jakarta idan ba a kaɗawa. A samu ƙaramin soso a jiƙa, a matse shi har ya daina ɗiga, a sa a robar sabulu da aka huhhuda, a ajiye cikin jakar, ana sake jiƙa shi duk kwana biyu ko uku. Kada ruwa ya taɓa katakon. Da damina kuma akasin haka ke faruwa: katako ya kumbura, tazara ta ƙaru, sai a cire soson. A kowane lokaci, kada a bar jita cikin mota a rana ko a jingine da bangon da rana ke duka, zafi yana sassauta gam ɗin da ke riƙe da ita.

Mataki na 2: Ɗaki

Kunnen mutum yana da dabarar watsar da ƙarar da ya saba da ita. Makirfo ba shi da wannan dabara, komai ya ji ɗauka yake. Kafin a fara, a naɗi daƙiƙa 20 na shiru, a sa iyafis a saurara. Abin da zai fito yakan ba da mamaki: fanka, firiji, janaretan maƙwabta, babur a titi, kaji a tsakar gida.

A kashe fanka da firiji na ɗan lokacin naɗa, a rufe taga da ƙofa. A lura da lokacin da unguwa ta fi yin tsit, a kuma kauce wa lokutan kiran salla da lokacin barcin maƙwabta. Jitar katako ba ta da ƙara sosai, amma ta lantarki da aka jona da amfilifaya tana iya haɗa mutum da mutanen gida.

Bayan ƙarar waje, sai amsa-kuwwar ɗakin. A tsaya a tsakiya a tafa hannu sau ɗaya. Idan aka ji sautin yana ringi ko yana dawowa, ɗakin yana buƙatar abubuwa masu taushi. Bangon siminti da daɓen tayil suna mayar da sauti kamar yadda madubi ke mayar da haske. Katifa, kafet, labule mai kauri, bargo, da buɗaɗɗiyar wadirob cike da kaya duk suna shanye shi. Shi ya sa ɗakin kwana ya fi falon da ba kaya a ciki. A shimfiɗa kafet ko bargo a ƙarƙashin kujerar da za a zauna, a jingina katifa a bangon da ke bayan mai kiɗa, kuma kada a zauna a kusurwa, domin a nan sauti mai kauri yake taruwa. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, kuma abin da yake shanyewa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da bargo ɗaya.

Mataki na 3: Inda za a ajiye waya

Wannan mataki kyauta ne, kuma shi ne ya fi sauya sauti. Babban makirfon yawancin wayoyi yana ƙasa, kusa da ramin caji. Wannan ɓangaren ne ya kamata ya kalli jita. Idan rigar wayar tana toshe ramin, a cire ta.

Kuskuren da aka fi yi guda biyu ne. Na farko, a ajiye waya can kan tebur nesa da mita ɗaya, sai ta ɗauki ɗakin fiye da jitar. Duk lokacin da aka rage nisa da rabi, sautin jitar da ke isa makirfo yana ƙaruwa da wajen dB 6, ƙarar unguwa kuma tana nan yadda take. Matso da waya daga santimita 120 zuwa 30 yana ɗaga jita da wajen dB 12 a kan ƙarar baya. Na biyu, a kafa waya daidai bakin ramin jita da tunanin a nan sauti yake fita. Abin da ke fita daga ramin sauti ne mai kauri kamar ganga, wanda ke danne sauran.

Wurin da aka fi farawa da shi shi ne inda wuya ya haɗu da jiki, wajen firet na 12 zuwa 14, a nisan santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da ɗan wani abu. Idan sautin ya yi siriri, a ɗan karkata wayar ta kalli ramin. Idan ya yi kauri, a karkata ta zuwa wuya ko a ɗan ja da baya. A naɗi daƙiƙa goma a kowane wuri, ana faɗin wurin da baki kafin a fara, sannan a saurara a zaɓa. A ɗora wayar kan abin riƙe waya ko kan littattafai da aka shimfiɗa wa tawul, don kada girgizar tebur ta shiga. Agogo, zobe da maɓallin riga da ke taɓa jikin jita duk suna fitowa a naɗa, a cire su.

Mataki na 4: Manhaja da saitinta

Manhajar naɗar murya da ke zuwa da waya don magana aka yi ta. Da yawa daga cikinsu suna rage ƙarar baya da kansu, suna kuma ɗaga sauti su sauke shi ba tare da an sa su ba. Ga magana wannan taimako ne. Ga jita ɓarna ce, domin manhajar tana iya ɗaukar doguwar amon tsirkiya a matsayin ƙarar baya ta datse ta. Idan akwai wurin kashe waɗannan a saiti, a kashe. Idan akwai zaɓin inganci, a ɗauki mafi girma.

Mafi kyau shi ne manhajar da aka yi don kiɗa. BandLab tana aiki a Android da iPhone kuma ana sauke ta kyauta. GarageBand kyauta ce amma ta na'urorin Apple ce kawai. Akwai n-Track Studio da Audio Evolution Mobile da FL Studio Mobile ga mai son ƙarin iko, wasu na kuɗi ne. Mai kwamfuta zai iya amfani da Audacity, ita ma kyauta ce.

Idan manhaja ta ba da zaɓi, a naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai daga sautin. A ɗauki 44.1 kHz idan sauti kaɗai ake so, ko 48 kHz idan za a haɗa da bidiyo. Kafin a fara, a sa wayar a yanayin jirgin sama. Kira ɗaya yana iya katse naɗar da ta fi kowacce kyau, sigina kuma tana iya shigar da ƙara cikin wayoyin da aka jona.

Mataki na 5: Ƙarfin sauti

A kowace manhajar kiɗa akwai ma'auni mai hawa da sauka, yawanci kore a ƙasa, ja a sama. Ƙololuwarsa shi ne 0 dB. Sautin da ya kai nan yana fashewa, kuma rage ƙara daga baya ba ya dawo da abin da ya fashe. A kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, a duba ma'aunin. Ana son ya riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6. Idan yana taɓa ja, a rage ƙarfin shiga, idan kuma manhajar ba ta da wannan, a ja wayar baya kaɗan. Sautin da ya ɗan yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya ba tare da matsala ba.

Mataki na 6: Jitar lantarki

Mai amfilifaya zai iya ajiye waya a gaban lasifikar, nisan taƙi ɗaya, a ɗan kauce wa tsakiyarta inda sauti ya fi kaifi, ƙarar kuma a rage ta yadda ma'auni ba zai kai ja ba.

Wanda ba shi da amfilifaya, ko yake son naɗa cikin dare ba tare da damun kowa ba, zai jona jitar da waya kai tsaye. Kebul na ƙara-ƙara da aka saya a bakin titi ba zai yi ba. Jitar lantarki tana buƙatar mashiga ta musamman da aka yi dominta, idan ba haka ba sautin zai fito a dushe kuma ba ƙarfi. Hanya biyu ce. Akwai ƙananan na'urori irin su iRig 2 da ke shiga ramin iyafis. Suna da sauƙin amfani amma sukan zo da ɗan huci. Fulogin da ke ɗaukar makirfo zobe uku gare shi, mai zobe biyu na saurare ne kawai. Akwai kuma na'urorin da ke bi ta ramin caji, irin su iRig HD 2, Behringer UMC22 da Focusrite Scarlett Solo, waɗanda suka fi tsafta. A Android ana buƙatar wayar da ke karɓar OTG da kebul ɗinsa. IPhone daga 15 zuwa sama tana da USB-C, waɗanda suka gabace ta kuma sai da adafta. Wasu na'urorin suna jan wutar da waya ba za ta iya bayarwa ba, sai an haɗa da mahaɗar USB mai wutar kanta. A tabbatar da wannan kafin a biya kuɗi, mafi kyau a gwada a shagon da wayar da za a yi aiki da ita.

Gargaɗi guda biyu. Kada a taɓa jona ramin da amfilifaya ke tura wuta zuwa lasifika da waya ko da waɗannan na'urori, zai iya ƙona su. Sannan idan aka ji wuta tana ɗan ja a tsirkiya lokacin da aka jona amfilifaya, a cire fulogi nan take, a nemi mai gyaran lantarki ya duba.

Sautin da ke shiga kai tsaye busasshe ne. Manhajoji irin su BandLab, GarageBand da Tonebridge suna kwaikwayon amfilifaya su ba shi rai.

Jinkiri da ƙugi

Matsala biyu ke jiran duk wanda ya jona jita da waya. Ta farko jinkiri: a kaɗa tsirkiya, sautin ya iso kunne bayan ɗan lokaci. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa, saboda haka jinkirin milisakan 10 daidai yake da tsayawa mita uku da rabi daga lasifika, abin da yawancin makaɗa ba sa damuwa da shi. Iyafis na Bluetooth kuwa yakan kawo jinkirin da ya haura milisakan 100, wanda ya isa ya rikita hannu. Don haka wajen naɗa iyafis mai waya ne abin amfani. Idan na'urar tana da maɓallin saurare kai tsaye, wanda aka rubuta "Direct Monitor", a kunna shi. BandLab tana da gwajin jinkiri a saitinta, a yi shi kafin a fara ɗora layi kan layi. A rufe sauran manhajoji da ke buɗe.

Ta biyu ƙugi, wato wani "zzz" da ba ya tsayawa. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma maganaɗisun jitar lantarki suna kama wannan. Abin da aka fi samu da laifi shi ne caja. A cika batir, a cire cajar, a naɗa. A matsa nesa da inbata, sitabilaiza, talabijin da ƙwan fitila mai arha. Mai kiɗa ya juya a kan kujerarsa a hankali yana saurare, zai tarar da wata fuska da ƙugin ke raguwa, sai ya zauna a haka. Idan ƙarar tana ƙaruwa ko tana tsalle idan an motsa kebul, kebul ɗin ne ya lalace.

Mataki na 7: Naɗa da gyara

A kunna metironom, wato abin da ke ƙidaya bugun kiɗa, a cikin iyafis, a rage ƙararsa don kada ya zubo cikin makirfo. A bar daƙiƙa biyu na shiru a farko, a ƙarshe kuma a bar tsirkiya ta gama amonta kafin a motsa. A naɗa sau uku ko huɗu a zaɓi mafi kyau. Idan an kai goma ana ta kuskure a wuri ɗaya, wurin yana buƙatar bita ne, a ajiye waya a koma koyo.

Don sauti ya yi faɗi, a kaɗa abu ɗaya sau biyu a layi daban-daban, a tura ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafar layi ɗaya a liƙa ba ya ba da wannan faɗi, domin ƙananan bambance-bambancen da ke tsakanin kiɗa biyu su ne ke haifar da shi.

Wajen gyara a taƙaita hannu. Tsirkiya mafi kauri tana 82 Hz, don haka abin da ke ƙasa da 70 ko 80 yawanci girgizar tebur ne da gurnanin janareta, a yanke shi. Idan sautin ya yi cunkus, a ɗan rage tsakanin 200 da 300 Hz. Amsa-kuwwar manhaja kaɗan ta isa, ta yi yawa sai ta mayar da kiɗan cikin rijiyar da aka sha wahala aka fito da shi. A ƙarshe a ɗaga ƙarar gaba ɗaya har ƙololuwa ta kai wajen -1 dB. A saurara a iyafis, a lasifikar waya, da ƙaramar lasifikar Bluetooth, domin a nan yawancin mutane za su ji shi.

Mai son bidiyo don TikTok ko YouTube zai gamu da matsalar cewa nisan da hoto ke buƙata ya yi wa sauti yawa. A ari waya ta biyu: ɗaya ta ɗauki hoto daga nesa, ɗaya ta ɗauki sauti daga kusa. A tafa hannu sau ɗaya a farko, sannan a CapCut ko makamanciyarta a daidaita wurin tafin a fayilolin biyu, a kashe sautin kyamara. Idan waƙar wani ce aka kaɗa, YouTube na iya gane ta ya miƙa kuɗin talla ga mai haƙƙinta.

Mataki na 8: Fitar da fayil da turawa

A fitar da kwafi biyu. WAV don ajiya: minti ɗaya na sitiriyo a 44.1 kHz da bit 16 yana cin wajen megabait 10, wato waƙar minti uku ta haura 30. MP3 don rabawa: a 320 kbps minti ɗaya wajen megabait 2.4 ne, a 128 kbps kuma wajen ɗaya. A ajiye WAV ɗin a wuri na biyu, Google Drive ko katin mimori, domin waya tana ɓata, tana kuma faɗawa ruwa.

Kada a naɗi kiɗa da maɓallin saƙon murya na WhatsApp. Yana matse sauti sosai don magana ta tafi da data kaɗan. Idan za a tura wa wanda zai ɗora murya ko ganga a kai, a danna alamar haɗa fayil, a zaɓi "Document", a tura WAV ɗin. Ta haka zai isa yadda yake.

Me za a fara saya?

Ga mai ɗan kuɗi, ga jerin da ya fi dacewa: sababbin tsirkiyoyi, iyafis mai waya, abin riƙe waya, sannan jakar jita idan babu. Mai jitar lantarki ya ƙara da na'urar jonawa da kebul mai kyau. Makirfo na musamman shi ne na ƙarshe, kuma sai bayan an shawo kan ɗaki, domin makirfo mai kaifin ji ya fi waya ɗaukar fanka da janareta.

Kafin a kashe ko sisi, akwai gwajin minti goma sha biyar. A naɗi daƙiƙa 30 yadda aka saba. Sannan a saita tsirkiyoyi, a kashe fanka, a shimfiɗa bargo, a cire caja, a kawo wayar taƙi ɗaya daga firet na 12, a tabbatar ma'auni bai wuce -6 ba, a sake kaɗa abin da aka kaɗa. A saurari biyun a jere da iyafis. Abin da ya rage bai gyaru ba a fayil na biyu, shi ne abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi.